Ledar da Zacharias Ya Ciyar da Ƙasa

Naomi maƙwabciyata ce a Lugbe, Gbagyi ce, manomiya tun kafin jiragen sama su fara hana mu jin maganar juna. Sau ɗaya na ga an kayar da ita a gardama, kuma mijinta marigayi Zacharias ne ya yi wannan aika-aikar.

Shi ya fara kawo tifar baƙar ƙasa daga bola yana zubawa a gona a matsayin taki. Naomi ta ga ledojin fiya wata sun fi ƙasar yawa, ta ce ba za a zuba mata wannan ƙazanta ba. Ya ce, "Ƙasa tana cinye mutum da ƙashinsa, leda ce za ta gagare ta?" Ya ɗora leda guda a kan kunya, ya danne da dutse. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Da damina ta sake zagayowa ya tara mu, ya ɗaga dutsen, ya murza ledar, ta zama gari a hannunsa. "Ina take, uwargida?" Muka fashe da dariya, har da ni Muhibba, mai bakin da ba ya hutawa. Ranar Naomi ta ba shi miya ba gishiri, amma dai ya ci nasara.

To, ga nasarar nan muna gani. Zacharias ya tafi, ƙasa ta karɓe shi yadda ya faɗa, amma ledarsa tana nan. Ka sari kunya ka ga tana ƙyalli, fari da shuɗi, kamar an yi wa gona kwalliyar biki. Tsutsar ƙasa, wato tana, ta gudu, ko ɗaya ba ka gani. Ka zuba ruwa da safe, kafin azahar wurin ya bushe ya tsage. Saiwar gauta sai ta fito a naɗe da zaren buhu, doya kuwa sai ka rantse dankali ne ya yi rashin lafiya. Mutanen manyan gidaje su sha ruwa su yar, a kwashe a kawo wa talaka a ce masa taki ne, shi kuma har da godiya! Wallahi in na tuna raina ɓaci yake.

Wuri ɗaya ya rage wa Naomi, wani ɗan lungu a bakin rafi da tifa ba ta taɓa shiga ba. A nan take shuka alayyafo da rama, da su take ci, da su take riƙe jikokinta. Bana sai ƙanin mijinta Thaddeus, wanda yake jin gonar ta gidansu ce, ya taho da direba da tifa cike, wai zai gyara mata lungun.

Ta tsaya a hanya da fartanya. "Ƙanina, juya motar nan."

"Haba matar yaya! Ke har yanzu? Ba a gabanki yaya ya nuna ƙasa na cinye leda ba? Iya Muhibba ma shaida ce."

Na ce, "Ni shaidar dariya ce kawai, kada ka sa ni."

Naomi ta ɗebo ƙasa daga tsohuwar gonar, ta zuba a ƙwarya, ta cika da ruwa, ta dama kamar kunu. Ƙasar ta kwanta. Ɓurɓushin leda ya taso ya rufe saman ruwan, ƙanana kamar dusa. Ta miƙa masa har bakinsa.

"Sha."

Ya ja da baya. "Ke, wa zai sha wannan?"

"Alayyafona kake so ya sha. Yayanka ya ga ƙasa tana taunawa, bai tsaya ya ga ko ta haɗiye ba. In kai za ka iya haɗiyewa, shigo da motarka."

Direban ne ya fara sa giyar baya.