Neman Inna a Kaset ɗin Baba Ɗantani

Shanga

Ana sallame asuba na fito, ƙarfe shida saura kwata ina tasha. Ga abin da ya tashe ni. Ina ɗan shekara shida Inna ta rasu, ba ta bar hoto ko ɗaya ba, kamanninta kuma sun ɓace mini. Kwatsam sai Gwaggo ta ce ai Baba Ɗantani, wanda ya fara yin fim da Hausa a ƙasar Yawuri, ya taɓa ɗaukar ta tana bandar kifi. Shekara talatin, sai yanzu! Na ji haushi, amma wa ya isa ya yi wa Gwaggo faɗa?

Mota ba ta cika ba sai bakwai da rabi. Shingen 'yan sanda biyu muka wuce, ba wanda ya sauke mu.

Yelwa

Tara da kwata muka iso. Na zauna cin waina da romon kifi a bakin kasuwa, na tambayi tsohuwar mai wainar.

"Ɗantani mai kyamara? Mi kaka biɗa wurinai, ɗana? Mutumin da yas sa mu riƙe farantai cikin rana, wai mu haska fuskar 'yan wasa! Hannuna har yau bai yafe mai ba." Ta yi dariya, ta ce ya koma gefen Wara, wurin 'yarsa.

Sha ɗaya na shiga jirgin ruwa mai inji. Awa uku ina ƙanƙame da katako ina salati, ni ɗan masunta. Kaico, aikin ofis ya lalata ni.

Gefen Wara, ƙasar Ngaski

Na same shi a gindin mangwaro, siriri, baki ba ya hutawa. Kafin in sha ruwa na ji tarihinsa kaf: kwale-kwalen gadonsa ya sayar ya sayi kyamara, shi ne mai labari, shi ne mai ɗauka, da batirin mota yake bin ƙauyuka yana nunawa.

Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya ce, "Kai ne ɗan Hajo mai banda? Allahu akbar. Zauna."

Ya buɗe adaka, ya zaro kaset, aka tada janareta. Ga tafki, ga hayaƙi, sai ga hannuwa biyu suna juya kifi. Na jira. Hannuwa dai.

"Baba, fuskar fa?"

Ya ce, "Mahaifinka ya ce matarsa ba ta shiga fim. Kwana uku ina roƙo, ya ce to, hannu kaɗai. Na riƙe alkawari. Ka gafarce ni, ɗana."

Wallahi raina ya ɓaci, har na miƙe. Ya kamo rigata. "Tsaya, sarkin gaggawa."

A fim ɗin, hannun ya gutsuro kifi, ya zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa ƙasa. Wani ɗan hannu duk toka ya warce.

"Kai ne. Ka hana ni aiki ranar nan, makwaɗaici."

Na yi kuka, ban ji kunya ba. Sau biyar ya mayar mini, na ɗauka a waya.

Komawa

Na kwana, washegari na biyo mota, don na tuba da jirgi. Bayan la'asar na shigo Shanga lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Baba Ɗantani da alheri, ya ƙara masa lafiya. Fuskar Inna dai ban samo ba, amma na ga tana cire mini ƙaya.