Begilar Tiyo da Mazurari

Ko zan shekara ɗari a duniya, ba na jin zan manta da begilar da na yi wa ɗana alkawari. Abin ya faru ne 'yan watanni bayan sojoji sun koma bariki sun bar wa farar hula mulki. Lokacin muna haya a Makera, ciki da falo, ni kuma ina aikin walda a wani kamfani a Kudenda.

Ɗana na fari yana da shekara goma sha ɗaya ya shiga 'yan sikawut a makarantarsu. Na yi murna, don na ɗauka daga kaki da ƙyallen wuya an gama kashe kuɗi. Ashe yanzu aka fara. Duk fitar da suka yi sai ya dawo da sabuwar sha'awa: yau usur, gobe tocila. Igiyar shanyar uwarsa ma ba ta tsira ba, ya kwance ta ya cika ta da ƙulle-ƙulle wai darasi yake bita.

Wata Lahadi da yamma suka dawo daga sansani a bayan Narayi, inda a lokacin gonaki suka fi gidaje yawa. Ko jakarsa bai sauke ba ya ce, "Baba, na busa begila! Malam ya ce ina da numfashi." Ya yi mini bayani cewa begila ɗaya tak ƙungiyarsu ke da ita, a kulle a kabad ɗin malaminsu, kuma nan da 'yan makonni za a zaɓi wanda zai busa ta a faretin ranar yara. In bai samu ta gwaji a gida ba, manyan yara za su kayar da shi.

Ina zaune a tsakar gida tare da maƙwabta, ana ta muhawarar sabuwar gwamnati, ga shi an yi albashi aljihuna da ɗumi. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Begila kawai? Ranar Asabar ka shirya." Matata ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban yara, ka san kuɗinta kuwa?" Na ce, "Haba, ƙarfe ne fa aka lanƙwasa. Ni da nake lanƙwasa ƙarfe kullum?"

Ranar Asabar muka hau bas muka ƙetare gada. Yaro ya sa kakinsa har da guga. A wani shagon kayan kiɗa muka same ta a rataye tana ƙyalli. Mai shagon ya sauko da ita ya ce, "Oga, 'yar waje ce." Sai ya faɗi kuɗinta. Ya fi albashina na wata guda, ko da an haɗa da na ƙarin lokaci. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na karɓe ta ina juyawa, ina yatsina fuska. Na ce, "Wannan waldar ba ta yi ba. Dubi nan. Ba zan saya wa ɗana wannan ba." Mai shagon ya karɓi kayansa, ya san irinmu.

Muka shiga bas muka kamo hanyar gida. Sai da muka hau gada yaron ya ce a hankali, "Baba, dama ba ta yi kyau sosai ba." Da kuka ya yi mini da ya fi sauƙi. Ƙaramin yaro ne yake rufa wa ubansa asiri.

Ranar Litinin lokacin cin abinci na ba mai gadin kamfaninmu labari. Dattijo ne mutumin Filato, muna ce masa Baba Soja, don ya daɗe a rukunin makaɗan soja kafin ya yi ritaya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai da kake walda ba ka san begila bututu ba ce? Sautin a leɓe yake. Nemo tiyo da mazurari, sauran ka bar mini." Washegari ya zo mini da tsohon bakin begilarsa, ɗan ƙarfen nan da ake ɗora leɓe a kai, a naɗe cikin tsumma.

Na sayi tiyo a kasuwa, na ɗauke mazurarin da matata ke zuba kananzir da shi, na wanke shi sau uku amma warin bai fita duka ba. Na naɗe tiyon zagaye biyu, na ɗaure da waya, bakin ƙarfe a gefe ɗaya, mazurari a ɗaya gefen. Da na miƙa wa yaron sai ya riƙe ta da yatsu biyu ya ce, "Baba, dariya za su yi mini."

Na zaunar da shi a bakin gado. Na ce, "Waccan begilar lafiyarta ƙalau. Kuɗinta ne ba ni da shi, kuma na ji kunyar faɗa maka." Ya ce, "Ai na sani." Muka kalli juna, sai dariya ta kama mu duka biyu.

Lahadi bayan an tashi coci Baba Soja ya iso gidanmu. Ya tsaya a tsakiyar gida, ya ƙame, ya ɗora tiyon a baki. Jama'a, ban taɓa zaton irin wannan sauti zai fito daga tiyo ba. Kaji suka watse, awaki suka tsinke igiya. Hajiya mai gidan ta fito a guje da ludayi a hannu tana cewa, "Mun shiga uku! Sojojin ne suka dawo?" Da ta ga tsoho da mazurari sai ta zauna a kan turmi tana dariya har da hawaye.

Daga ranar yaro bai sake jin kunyarta ba. Kwanakin farko dai sautinsa kamar saniya ce ke neman ɗanta, har Hajiya ta kafa doka: ban da safiya, ban da lokacin sallah. Muka koma filin ƙwallo. Kullum na tashi aiki sai in same shi can, in zauna kan dutse ina ƙirga masa, Baba Soja kuma yana zuwa ranar hutunsa yana gyara masa leɓe.

Ranar zaɓe a makaranta da yara suka ga tiyon sun yi masa dariya kamar yadda ya faɗa. Amma da malaminsu ya miƙa masa ta gaske, sai ta zo masa da sauƙi, ya busa kiran fareti daga farko har ƙarshe. Shi aka zaɓa. A wurin faretin muryar begilar ta ɗan tsage sau ɗaya, ba wanda ya lura sai ni da Baba Soja, wanda ya tsaya ƙam a gefena yana sara wa yaro ɗan shekara goma sha ɗaya. Bayan haka iyaye huɗu suka biyo ni gida in haɗa wa 'ya'yansu. Bakin ƙarfen ya gagara, sai na je wajen wani mai sassaƙa ya fafe mana na katako. Makera ta sha surutu a damanar nan.

Abin da na koya shi ne, kada in ƙara buɗe baki in yi wa yaro alkawari a gaban jama'a ban tambayi kuɗin abu ba. Na kuma gane cewa yara sun fi mu sanin nauyin aljihunmu, ƙaryar ce kawai take musu ciwo. Idan ɗanka ya dawo da sha'awar da ta fi ƙarfinka, ka faɗa masa gaskiya tun a ƙofar shago, sannan ka riƙe hannunsa ku je ku nemi wata hanyar tare.