Baba Maiwada Ya Riƙe Mana Kofin Shayi

"Ba za mu ɗiba ba, Baba. Shekarunka sun wuce."

Abin da ma'aikaciyar ɗakin jini ta gaya wa Baba Maiwada ke nan, shi kuwa har ya naɗe hannun riga. A ɗakin gefe, Rahma, matar wani manomi daga Jiratawa, ta haihu jini ya ƙi tsayawa. An gwada na mijinta bai dace ba.

Wanda ya san Baba Maiwada ya san safiyarsa. Kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya a babur ɗinsa na kabu-kabu sai ya leƙa asibiti ya tambaya, "Akwai wanda ya rasa jini?" Ƙungiyar masu ba da jini da suka kafa tun gemunsa na baƙi, wasu sun rasu, wasu sun tsufa, saura shi. Ko'ina ya nemi sababbin mutane, amsar ɗaya ce: in Allah ya so.

Ranar nan bai roƙi kowa ba. Ya tayar da moto sai unguwar Zariya, ya faɗo fadarmu, inda ƙarti ke baje bisa tabarma ana shayin hantsi. Shamsu, mai dafa shayin, ya miƙa masa kofin farko don girmamawa. Kofi ɗaya ne da mu, shi ke zagayawa.

Baba ya karɓa. Bai sha ba, bai mayar ba.

"Baba, ka sha mana, yana hucewa."

"Ina jiran ta mutu ne, yaro. In ta mutu sai mu sha tare."

Ya faɗi abin da ake ciki a taƙaice. Muka hau sunkuye-sunkuye, kowa ya ga abin dubawa a wayarsa.

"An ce ɗibar jini na rage ƙarfin namiji," in ji Tanimu, wanda aurensa ke tafe.

"Wane ƙarfi? Na ɗaga buta? Ka je ka ƙirga 'ya'yana."

Ba wanda ya iya dariya. Shayin ya tafasa ya zube a gawayi, tsoho na riƙe da kofi, jijiyar hannunsa cike da tabon allura. Shamsu ne ya fara sa takalmi. Tanimu ya bi shi yana gunaguni, kuma jinin Tanimun ne ya dace. Rahma tana Jiratawa yanzu tana goyon ɗanta.

Baba, kai ne ka yi ta zuba jininka a jikin mutanen da ba su san sunanka ba, muna zaune muna gardamar ƙwallo. Kai ne uban marasa dangi a bakin asibiti. Mun gode, kuma da kunya muke faɗa, don sai da aka hana ka muka motsa. Masu karatu, ƙungiyar tana zama duk Juma'a bayan an sauko masallaci a ƙofar gidansa a Sabon Gari. Ku zo da hannunku, ba a neman komai bayan shi.

A zaman da ya wuce, ba a ko gama addu'a ba sai ga wani dattijo da ba mu sani ba, rigarsa duk jini.

"Nan ne gidan Maiwada? Motar 'yan biki ta kife a hanyar Tibiri!"

Baba ya yunƙura zai tashi, sai ya tuna an daina ɗibar nasa. Ya koma ya zauna, ya zuba mana ido.