Wurin da Baba Bai Shuka Ba

A tsakiyar gonarmu ta gado, a kan hanyar Zango, akwai wani ɗan fili da bai fi faɗin ɗaki biyu ba, wanda garma ba ta taɓa shiga ba. Nan kakata, mahaifiyar Baba, take kwance. Na kai shekara talatin da takwas ban san haka ba. Saura kwana huɗu in sa tarakta ta bi ta kanta, wasan waya ya tare ni. Na rubuta wannan ne don in faɗi laifina da bakina.

Karatuna a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. Noma kuwa tun ina saurayi na guje masa, na kafa teburin cajin waya a kasuwar Daura, ina tura wa mutane fina-finai da gem. Ranar da aka matsa mini na je gona, nakan ga Baba ya juya shanun huɗa ya kewaye filin nan. Na ɗauka fako ne. Ban taɓa tambaya ba.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya tafi, harshe ma ya tafi. Abin da ya rage masa "to" da "a'a" da sunan Allah. Zama da shi ya yi mini nauyi, don ban san abin da zan ce da mutumin da ba ya amsawa ba. Sai na ɗauko wata tsohuwar waya mai faɗin fuska, na kunna masa gem ɗin noma da nake bugawa, na ɗora masa a cinya. Mutane suka ce na kyauta. Ni na san don in samu in fice na yi.

Wasan na wani kwari ne da idon ruwansa ya ƙafe. Ana ba ka fili da fartanya da iri. Ka shuka yau, jibi ya tsiro, wani irin ma haske yake yi kamar an kunna fitila a cikin ganye. Akwai wata babbar itaciya mai magana a bakin gari. In ka kai mata amfanin gona mai kyau sai ta ba ka wani yanki na labarin yadda ruwan ya ɓata. Turanci ake rubutawa, Baba bai iya ba, ni ma tsinta nake yi. Sau ɗaya na nuna masa inda ake taɓawa.

Cikin mako biyu ɗan yatsan hagunsa ya saba. Amma ba ya wasa yadda ake yi. Ba ya shuka sai an yi ruwa a cikin wayar. Kowace safiya ta wasan sai ya bi mutanen garin ɗaya bayan ɗaya ya tsaya a gabansu, gaisuwa ke nan. Ya haƙa rijiya a kusurwar gabas, ya bar itace guda a yamma, ya jera ciyawa ta kewaye gonar. A tsakiya kuma ya ɗauko duwatsu ya kewaye wani fili, ya bar shi fayau.

Wata ranar Juma'a matata ta kira ni daga zaure. "Baban yara, zo ka ga abin da Baba ya yi. Kai da kake cewa ka fi kowa iyawa."

A cikin da'irar duwatsun wasu furanni shuɗɗa sun fito, suna buɗewa suna rufewa kamar masu numfashi, ƙananan haske na tashi daga cikinsu. Wata shida ina buga wasan nan ban taɓa ganinsu ba. Ashe sai ƙasa ta shekara, a lissafin wasan, ba a taɓa ta ba suke fitowa, ni kuwa ko taku ɗaya ban taɓa bari ba shuka ba. Na durƙusa ina kallo har ƙafata ta yi sanyi. Baba ya dube ni ya ce, "To."

A makon ne na gaya masa na yi magana da mai tarakta, za a kafce gonarmu gaba ɗaya daga iyaka zuwa iyaka kafin ruwan shuka. Ya ce a'a. Ya bugi tabarma, ya ɗaga wayar yana nuna mini. Na ce a raina tsoho ne, ba ya son inji, ga shi wasa ya ɗauke masa hankali.

Ga babban laifin. Akwai wata kabewa ta zinariya da itaciyar take nema kafin ta faɗi ƙarshen labari, kuma ƙasar da ta huta kaɗai take karɓarta. Gonata ta cikin wasan ba ta da irin wannan ƙasa. Bayan azahar, Baba na barci, na zare wayar, na kwashe duwatsun, na nome furannin, na shuka kabewata. Ya farka ya gani. Ya kife wayar, ya juya fuska bango. Ya ƙi tuwo.

Kwana biyu bayan haka Gwaggo, ƙanwarsa, ta zo dubiya daga Zango. Matata ta kai mata ƙarata, ta miƙa mata wayar.

"Abin yara ne kuke ba Yaya?" in ji Gwaggo. "Kai ma da gemunka." Ta kawo wayar kusa da ido. "Wannan ai gonarmu ce. Ga rijiya. Ga gawon. Ga gamban iyaka har inda ya karkace wajen gonar maƙera." Yatsanta ya tsaya a kan kabewar. "Ina wurin Inna?"

Na ce, "Wace Inna, Gwaggo?"

"Uwar da ta haifi ubanka. Nan garinmu yake kafin a tashi a koma bakin titi. Yana da shekara goma aka sa ta a nan, shi ya ɗebo duwatsun. Au, bai taɓa gaya maka ba?"

"Ban taɓa tambaya ba."

Mutumin da na ɗauka magana ta ƙare masa, ashe wata biyu yana yi mini bayani da yatsa ɗaya, filla-filla, har da karkatar iyaka. Allah ya bar masa ƙofa a inda ban zata ba, ni kuma na bi na toshe.

Washegari na ɗauki Gwaggo a babur muka je gonar. Duwatsun sun nutse, sai da na tona da hannu na same su. Na kafa turaku na ɗaura tsumma. Ranar da tarakta ta zo, a cikin filin na tsaya har ta gama kewayawa.

Da na dawo na durƙusa gaban Baba na ce ya yafe mini. Na cire kabewar a gabansa tun ba ta nuna ba, na mayar da duwatsun. Biyu na sa ba daidai ba, ya ture hannuna ya gyara.

Furannin sai da shekarar wasa ta zagayo, kusan mako uku namu. Kullum bayan la'asar nakan rufe tebur in zo in zauna kusa da shi, mu gaida mutanen garin, mu leƙa filin. Har yau ban san yadda ruwan kwarin ya ɓata ba. Ranar da shuɗi na farko ya ɓullo, Baba ya kama yatsana ya kai kusa da shi, ya tsayar, bai bari na taɓa ba.