Rabon Kyanwa a Ƙwayar Baba

Mahaifina baduku ne a kasuwar Kurmi, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai a kan magani irinsa ba. Likita ya ce yana da hawan jini, ya ba shi ƙwaya. Baba ya karɓa da godiya, ya zo ya tura ta ƙarƙashin katifa. Inna ta yi lallashi, ta yi kuka, ya ce shi ƙalau yake.

Sai kyanwarsa ta soma ramewa, wadda ke tsare masa fatu daga ɓeraye a zaure. Ci take kamar gara, amma kullum tsotsewa take, ƙirjinta na dukan uku-uku. Mutumin da ba ya zuwa asibiti don kansa ya sa ta a kwali, ya tare adaidaita, ya ce in raka shi.

Likitan dabbobi ya ce maƙoƙo ne ya sa zuciyarta gudu. Cikin magungunan da ya rubuta har da ƙwayar rage bugun zuciya, kwata kullum. Ina duba sunan na ga irin ta ƙarƙashin katifa ce sak.

"Baba, wannan za ta lafar da zuciyar," in ji shi, "amma ba ta hana jini daskarewa. Kowace safiya ku taɓa ƙafafunta na baya. In sun yi sanyi, ku garzayo."

Washegari Baba ya ɗauko wuƙar yankan fata ya raba ƙwaya gida huɗu, ya ɗura wa kyanwa kashi ɗaya. Ya tsura wa ragowar ido, ya ce zubarwa almubazzaranci ne, ya haɗiye. Inna ta shige ɗaki ta toshe baki da mayafi don kada ya ji dariyarta. Haka muka samu lafiyar Baba a matsayin ragowar kyanwa.

Ranar da ya taɓa ƙafafunta ya ji sanyi, mun garzaya, amma gudan jini ya riga ya toshe hanya. Ba ta kai yamma ba.

Na ji tausayinta, amma gaskiya tsoro ya fi yawa, don ba wanda zai rage wa Baba magani. Inna ta baza cigiya a unguwar Dala: ana neman kyanwa mai maƙoƙo. Maƙwabta suka riƙa kawowa, tana ɗagawa tana mayarwa, tana cewa:

"Wannan ai lafiyarta ƙalau, Hajiya. Ba ku da ramammiya?"

Ba a samu ba. Da safe na kai wa Baba koko, na tarar ya raba ƙwaya gida huɗu a kan katakon aikinsa. Ya haɗiye uku, ya daɗe yana kallon ɗayar, sannan ya haɗa da ita.

Ya miƙo mini ƙafafunsa, bai dube ni ba.

"Ke, taɓa ki ji."

Na taɓa. Da ɗuminsu.