Gangaren Shagon Yaya Hajara

Kano zuwa Azare

Ina sallame asuba na nufi tasha, na samu wata tsohuwar fijo saura mutum ɗaya. A Wudil 'yan sanda suka tsayar da mu, direba ya yi musu gaisuwar da suka fi ganewa. Muka karya da ƙosai a Kiyawa, hantsi ya yi mana a Azare.

Yayata Hajara ce ta sa ni wannan tafiya. Cutar shan inna ta kama ta tun tana ƙarama, da keken guragu mai ƙafa uku take yawo. Ta kama hayar shagon ɗinki, ta kuma rantse ba za ta buɗe shi ba muddin sai an ciccibe ta a gaban masu kawo ɗinki. Daɓen shagon yana da tudu saboda ruwan damina, shi ya sa muka ce magini ya yi gangare.

Ina isa na je na duba aikin. Malam Buba magini ya zuba 'yar siririyar hanya a tsakiyar matakala, irin wadda ake tura babur cikin zaure. Ya ce shi duk gangaren da ya taɓa yi a garin nan haka yake, ba wanda ya yi ƙorafi. Yaya ta dube shi ta ce, "Malam, ƙafa ɗaya ta hau, sauran biyun fa su jira ni a waje?"

Miƙe gangaren gaba ba zai yiwu ba, kwata ce a nan. Sai dai a kwantar da shi jikin bango, ya cinye gaban shagon maƙwabci, Oga Emeka mai kayan robobi. Shi kuwa ya ce ba ya motsa bokiti ko ɗaya sai mai gida ya yarda.

Katagum

Mai gidan, wani Alhaji, yana Katagum, kuma ba ya riƙe waya. Washegari na shiga bas tare da Fulani da ƙoren nononsu, muka yi ta tsaye-tsaye har azahar. Alhaji ya sauke ni da fura mai sanyi, ya saurare ni, sannan ya ce ba za a ɓata masa fuskar gini saboda mutum ɗaya ba. Raina ya ɓaci. Da muka tashi sallar la'asar na ga sai da ya dafa bango ya sauka daga dakalinsa. Shi ma ya ga na gani. Ya yi dariya ya ce a yi, amma a sa ƙarfen dafawa. A gidansa na kwana.

Azare kuma

Aka fasa, aka sake zubawa, muka jira siminti ya bushe. Emeka ya yi ta mita, har ya lura baronsa zai riƙa hawa da kaya ba sauke-sauke.

Ranar gwaji na tsaya bayan keken da hannuwa a shirye. Yaya ta ce in matsa. Ta murza, keken ya hau a hankali, ya karya kwana ya shige. Wallahi sai da na zauna a kan bokitin Emeka don sanyin da na ji. Muka bi ta ciki, ta juyo ta ce, "Ku cire takalma, shagona ne."

Na iso Kano bayan magariba, lafiya lau. Na gode wa Allah, na gode wa Alhaji da Emeka, har da Malam Buba.