Wa Ya Nuna Makwancin Biri Mai Ganga?

A ƙauyenmu da ke bayan Serti, damina ce lokacin tatsuniya. Ruwa kan sauko tun la'asar ya ƙi ɗaukewa, sanyi ya gangaro daga duwatsu ya shiga har ƙashi. Da an ci tuwo sai mu tattaru a ɗakin girkin Dada, kakata ta wajen uba. Ɗakin ƙarami ne, hayaƙi ya mayar da jinkarsa baƙa ƙirin, ga masarar iri a rataye a sama. Dada kan zauna a kan turmin da aka kife, ta miƙa ƙafafu kusa da murhu saboda ciwon gwiwa, tana juya ɗanyar masara a kan garwashi da yatsunta kamar ba wuta ba ce. Mu kuma mu kewaye ta, ni da yayata Larai da 'ya'yan Baffa Hamidu, ƙanin babana, wanda a lokacin maharbi ne.

Dada ba ta da saurin yarda da mutum. Idan baƙo ya yi sallama za ta ba shi ruwa da tabarma, ta yi masa sannu da zuwa da fara'a, amma idonta na kan takalmansa, tana duba irin lakar da ke jiki don ta gane ko da gaske ta hanyar da ya faɗa ya biyo. Mu yara mun ɗauka tsufa ne kawai.

Wani maraice muna cikin gaigayar masara sai muka ji kiɗa daga can cikin kurmi, mai zurfi kamar ana dukan babban tambari, sannan wani irin ihu ya biyo baya ya yi sama ya katse. Larai ta kama hannuna ta ce aljanu ne ke biki. Dada ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ba wani aljani, biri mai ganga ne yake dukan saiwar babbar bishiya da hannu da ƙafa, yana sanar da danginsa inda yake. Ta ce ba shi da jela, kowane dare sai ya karya rassa ya ɗinka wa kansa sabon gado a sama, kuma yakan fere sanda ya zura a kogon itace ya lakato zuma. Wanda ya taɓa haɗa ido da shi, in ji ta, ba ya sake kiransa dabba da sakin baki.

Sai ta tura wani icce cikin wuta ta ce, "To, ku matso da kunnuwanku, ina da abin zubawa."

A da can, in ji Dada, birai duk wuri ɗaya suke kwana. Goggo mai ƙaton kai da ke yawo a ƙasa bakin rafi, da kirka ɓarawon gona, da baƙin biri mai ɗigon fari a hanci, da biri mai roro wanda jikinsa baƙi da fari, ba ya cin komai sai ganye. Halinsu ba ɗaya ba, abincinsu ba ɗaya ba, amma kurmi ɗaya ya ishe su. Biri mai ganga ne kaɗai yake ware iyalinsa can ciki, ba wanda ya san makwancinsa sai su 'yan uwansa birai.

Wata rana sai ga baƙo da jaka a kafaɗa. Bai zo da baka ba, bai zo da tarko ba. Ya zauna a kan dutse bakin rafi ya yi ta yaba wa goggo, wai bai taɓa ganin ƙirji irin nasa ba, lalle shi ne sarkin wannan daji. Goggo ya kumbura ya ce ai ko mai ganga sai ya sauko wannan rafi nasa yake shan ruwa. Baƙo ya gyaɗa kai kamar bai ji ba. Washegari ya ba kirka gyaɗa, ya ce shi dai mamaki yake yadda kirka ya san lokacin kowane ɗan itace. Kirka ya shiga jero masa, har ya ambaci ɓauren da ke nuna a tsakiyar damina, wanda matar mai ganga ke zuwa ci da goyonta. Da ya zo wurin baƙin biri sai ya nuna tsoro, ya ce a gaya masa inda bai kamata ya bi ba don kada ya tayar wa manya da hankali. Baƙin biri ya ce kada ya kuskura ya haura bayan dutsen nan mai tsage.

Biri mai roro kuwa bai ce uffan ba. Baƙo ya tsaya a ƙarƙashinsa ya yi tambayar duniya, ya ƙi amsawa. Sai dai lokacin da baƙon ya ce, "Allah sarki, ɗan jaririn nan, ko yana lafiya?" mai roro ya juya kai ya dubi wata bishiya. Sau ɗaya ya duba, ya mayar da kansa.

A nan Dada kan ciro masara daga wuta ta karya mana. Ba ta taɓa ba mu labarin daren da abin ya faru ba. Abin da take faɗa kawai shi ne, da gari ya waye an tarar da uwar jaririn a ƙasa ba rai, yatsunta a dunƙule kamar har yanzu tana riƙe da wani abu, ga babban ɗanta a kusa da ita shi ma ya mutu, jariri babu. Ta ce matar mai ganga ba ta sakin ɗanta tana numfashi, shi ya sa duk inda aka ga ɗan a hannun mutum, to a bayansa akwai gawa.

Daga nan muryarta kan yi ƙasa, ta ja labarin fiye da ko'ina. Birai suka taru, kowa yana kallon kowa. Goggo ya ce kirka ne, don an ga ɓawon gyaɗa a ƙarƙashinsa. Kirka ya ce baƙin biri ne, don an gan shi yana nuni da hannu. Baƙin biri ya ce a tambayi mai roro dalilin da ya sa tun safe ya kasa ɗaga ido. Biri mai ganga bai zargi kowa ba, ya dai dube su ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe sauran iyalinsa ya haye inda ƙafar mutum ba ta kaiwa. Tun daga ranar goggo ya tsaya a ƙasa, kirka ya koma bakin daji, baƙin biri ya riƙe tsakiyar rassa, mai roro ya hau can ƙoli, kowace asuba yana gurnani ba wanda ke amsa masa. Idan suka haɗu a kan ɓaure ɗaya, kowa na ci yana satar kallon ɗan uwansa.

Muka yi caa muna tambayar wa ya faɗa. Larai ta ce goggo ne, ni na ce mai roro, don shirunsa bai kwanta mini ba.

Dada ta ce, "Ni ma da aka ba ni ba a gaya mini ba. Ku tashi, wuta ta gaji, ni ma na gaji."

Dada ta daɗe da rasuwa. Ni kuma yanzu direba ne a Doha, ina kwasar ma'aikata da safe in mayar da su da yamma, ina zaune a Al Rayyan. Mu uku ne 'yan yankinmu da muka san juna a nan: ni, da Haruna wanda shi ma tuƙi yake, da Bala mai gadi a Al Wakrah, abokina tun makarantar firamare.

Wata Juma'a bayan an sallame, wani mutum ya ji ina waya da Hausa ya miƙo mini hannu. Ya ce sunansa Malam Tanimu. Kaftaninsa a goge, turarensa mai tsada, maganarsa a hankali. Da ya ji na ce Serti sai fuskarsa ta washe, ya ce ƙasar albarka, ya daɗe yana son ganin mutumin can. Wanda ya yi zaman baƙunta ya san daɗin a tambaye ka garinku. A nan yawanci ba a tambayarka sai ina mota, ina kafil, wato ubangidan da ya ɗauko ka aiki, yaushe za ka iso.

Ya riƙa ɗaukata zuwa Corniche, wurin shan iska a bakin teku, idan rana ta yi sanyi. Mu sayi shayin karak mu zauna muna kallon jiragen katako da ke ɗaure a bakin ruwa, shi yana tambaya ni ina zuba. Ya tambayi damina, ya tambayi zuma, ya tambayi ko har yanzu akwai kurmi ko an sare. Na gaya masa muna yara har daga ɗakin girki mukan ji gangar biri. Na lura a nan ya ajiye kofinsa. Na kuma lura duk hirar da muka fara, ko ta ƙwallo ce ko ta tsadar jirgi, sai ta zagayo ta koma kurmi. Shi kuwa har yau ban san garinsu ba. Ya taɓa ce mini Zariya, wata rana kuma ya ce Jos.

A zamanmu na ƙarshe ya ciro waya ya nuna mini hoto. Ɗan biri mai ganga ne a kan kujerar falo, an sa masa rigar jarirai, ya rungume matashin kai da hannu biyu. Ya ce na wani abokinsa ne a wata ƙasa, ana kula da shi fiye da ɗan mutum. Sannan ya ce, kamar maganar ta faɗo masa ne kawai, ko a danginmu akwai wanda ya san daji.

Na dubi yadda ɗan ya ƙanƙame matashin nan, shayin ya fita raina. Na ce masa duk maharban gidanmu sun mutu. Ya yi murmushi ya ce Allah ya jiƙansu, amma idonsa bai bar fuskata ba. Na ce khalas, shi ke nan, ina da aiki da sassafe, na miƙe.

Da na samu sarari na kira Baffa Hamidu. Ya tsufa, ya daɗe da ajiye bindiga, amyar zuma yake ɗaurawa. Ban gama gaisuwa ba ya ce dama yana nemana. Wasu mutum biyu sun zo a kan babur, sun kira sunansa har da na mahaifinsa, suna tambayar kurmin da ke saman rafi. Ya ce musu gwiwa ba ta kai shi ko gona, da suka tafi ya aika wa mai unguwa da masu tsaron daji. Sannan ya ce, "Ɗana, sun ce daga wajenku aka ba su sunana."

Na san ban faɗi sunan Baffa ba. Na juya hirarrakin nan a raina ɗaya bayan ɗaya, ban same shi a ciki ba. Saura Haruna da Bala. Daga ranar na fara jinkirin amsa saƙonsu. Idan Haruna ya sayi sabon takalmi sai in tsaya ina tunani. Idan Bala ya fita waje don amsa waya sai in kasa kunne. Su ma na ga sun sauya, gaisuwa ta gajarce, ranar hutu kowa ya ce ya gaji.

Ni na kasa jurewa na kira su cin kifi a Al Wakrah, kusa da inda masunta ke sauke kaya. Muna fara ci na zayyane musu komai, har da abin da ni na faɗa wa mutumin game da ganga. Haruna ya ajiye lomarsa ya ce shi ma an kai shi shan karak, kuma ya ambaci sunan rafin, don mutumin ya ce yana son zuwa kamun kifi in ya koma gida. Ya rantse bai wuce nan ba. Muka juya ga Bala.

Ya ce, "Na san shi. Ni ban ce masa komai ba."

Yana faɗa yana cire ƙaya daga kifi, bai ɗago ba. Haruna ya dube ni. Na ji tambayar ta zo har bakina: to wa ya ba shi sunan Baffa? Na haɗiye ta. Muka tsaya a kan cewa duk ɗan yankinmu da ya sauka a nan za mu ja masa kunne, kuma Haruna zai kai bayanin mutumin ga hukuma. Malam Tanimu bai sake zuwa masallacinmu ba, lambarsa ma ta daina shiga.

Ina yaro na ɗauka Dada tana koya mana tsoron baƙo mai daɗin baki ne, kuma akwai wannan a ciki. Sai a nan na tuna ɗan wuri kaɗan baƙon ya ci a labarinta. Inda takan daɗe, har masara ta ƙone ba ta lura ba, shi ne taron da aka yi bayan tafiyarsa. Ya ɗauki jariri ɗaya a dare ɗaya, amma rabuwar da ta biyo baya su suka yi ta da kansu, kuma ita ce ba ta warke ba. Ina jin ko ta san mai laifin ba za ta faɗa ba, don ta san idan ta faɗa, washegari za mu fita da danƙo muna harbinsa.

Ba zan ce zuciyata ta wanke Bala ba. Wani lokaci ina tuƙi sai in tuna yadda ya ƙi ɗagowa. Wataƙila kunya ce, wataƙila haushin an zarge shi ne, wataƙila abin da nake tsoro ne. Makon jiya ya kira ni da yamma, motar da ke kwasar su ta tafi ta bar shi, ko zan iya zuwa. Na tsaya da wayar a kunne ina jin numfashinsa, shi ma ya san dalilin shirun. Daga Al Rayyan zuwa Al Wakrah ba kusa ba ne, ga cunkoso.

Na ce masa, "Tsaya a bakin ƙofa, ga ni nan."